Rubutun da Rana ta Cinye

"Lafiya lau muka tashi, amarya. Ya Samaru? Ya masu danne-danne?"

"Samaru lafiya, tsoho. Ashe har yanzu kana nan? Ni da na zo ɗaukar kujerar nan taka a gado."

"Ina nan daram. Sai na ga furfurarki tukuna."

Baba Kefas ke nan da jikarsa Bibiana, a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa a Jushi. Shi tsohon ma'aikacin maɗaba'a ne, ya fi shekara talatin yana jera baƙaƙen dalma ɗaya bayan ɗaya, kafin kwamfuta ta zo ta sallame su gaba ɗaya. Ita kuwa sana'arta tsara shafukan intanet, a wani ɗan ɗaki mai baƙin labule a Samaru, inda take wuni gaban ƙaton allon kwamfuta. Tun tana rarrafe yake ce mata amarya, ita kuma tun da bakinta ya buɗe ba ta taɓa raga masa ba. Amma ranar baki kawai ke wasa, hankalinta yana wani wuri.

"Miƙo mani tabarauna. Uwarki ta ce an gyara, ta ba ki tun jiya."

Bibiana ta laluba jaka. Ga kwamfuta, ga caja biyu, ga guntun biredi, tabarau kam yana can kan teburinta a Samaru.

"Da gangan na baro shi. In ka sa ka ga kyauna sosai, hawan jini zai kama ka."

"Allah dai ya ji ƙaina. Dishi-dishin nan da nake gani shi ya riƙe aurenmu har yau." Ya karkata kai yana nazarinta. "Sai dai yau zagin naki ba gishiri. Wa ya taɓa mani mata?"

Ta zauna a benci ta zayyana masa. Oga Iyke, mai shagon irin shuka da maganin feshi a unguwar PZ, shi ne babban mai ba ta aiki, kuma shi ya jawo mata sauran masu shagunan layinsu. Tsohon shafinsa ja ne da rawaya kamar bayan gingimari. Mako uku da suka wuce ta sabunta shi, ta yi masa farin fili da siraran baƙaƙe masu ruwan toka, abokan aikinta na Samaru suka yi ta yabo har kanta ya kumbura. To tun daga ranar wayar shagon ta yi gum. Ga damina a bakin ƙofa, lokacin da manoma ke neman iri. Oga Iyke ya ce in Litinin ta yi ba a gane matsalar ba, zai miƙa aikin ga wani a Kaduna, kuma ta san in ya tafi duk layin zai bi shi.

"Na duba komai, tsoho. Shafin yana buɗewa da sauri, babu abin da ya karye."

"Kawo wayar in gani."

"Da wane idon? Ba ka da tabarau."

"Manoman Giwa da Shika duk tabarau suke sawa?"

Ta buɗe shafin ta miƙa masa, don dai a zauna lafiya. Maimakon ya duba a inda yake, sai ya dogara sandarsa ya miƙe, ya fita daga inuwa ya tsaya tsakiyar ranar bazara, ya miƙe hannu da wayar iya tsawonsa.

"Amarya, kin ba ni farin faranti. Ina tuwon?"

"Rubutu ne cike a gabanka."

"Au, waɗannan? Na ɗauka sauro ne ya mutu a kan gilashin ya bar ƙafafunsa. Wace yunwa suka sha haka? Ko a gidanki suke cin abinci?"

"Zamani ne, tsoho. Siririn baƙi ake yayi. Ku a lokacinku ai da gatari kuke sassaƙa rubutu."

"Da gatarin muka buga katin auren uwarki, kuma mutum ɗari huɗu suka gane ranar suka zo suka cinye mani shinkafa. Zo nan, ke mai sabon ido. Karanta mani lambar shagon."

Ta taso da ƙarfin gwiwarta ta karɓi wayar. Abin da ta fara gani fuskarta ce da sararin sama. Ta kare da tafin hannu, ta ƙanƙance ido, ta juya wa rana baya, da ƙyar ta tsinkayi sunan shagon. Lambar kuwa ita da kanta ta ɓoye ta a bayan wasu 'yan layuka uku a kusurwa, don kada ta ɓata mata tsari. Kunya ta rufe ta. Mako uku tana neman ɓarna a cikin ɗaki mai labule, ba ta taɓa fita da aikin waje ba ko sau ɗaya.

"Ya na ji shiru? Ko in aika Samaru a kawo maki tabarauna?"

"Rana ce ta yi yawa."

"To ki rubuta mata takarda ta rage. Manomi a ina yake duba waya, a ofis? Yana kan kunya ne, ko kan babur, ko tsakiyar kasuwa, hannu duk ƙasa." Ya koma kujerarsa yana haki. "A maɗaba'armu akwai wani shugaban aiki, Mista Akinola. Ba a buga komai sai an ciro gwaji ɗaya an fita da shi bakin ƙofa da tsakar rana. A riƙe shi nesa, a kira tsohuwar da ke sayar da gyaɗa a wurin, wadda ta yi yaƙi da jahilci. In ta karanta, a kunna inji. In ta yamutsa fuska, ka koma ka wargaza aikin wuni guda ka sake jerawa. Ni sau biyu ta mayar da ni a rana ɗaya, na yi mako ban sayi gyaɗarta ba."

Bibiana ta koma benci. Ta ɗora kwamfuta a cinya, ta jona ta da wayarta, ta shiga aiki.

"Ƙara wa baƙaƙen nan tuwo," in ji shi.

"Na ƙara."

"Wannan kunu kika ba su. Kuma ki cire tokar nan, a yi baƙi ƙirin."

"Zai yi muni, tsoho."

"Haka aka ce wa kakarki game da ni, amma daga tashar mota take hango ni. Lambar kuma ki kawo ta sama, ki yi mata gida daidai babban yatsan manomi, ba irin naki yatsun na tsinken tsire ba."

"Yatsun nan su za su zare maka ƙaya in ka taka."

"Allah ya kiyaye. Sai ki zaro ƙafar ki bar ƙayar."

Duk gyaran da ta yi, sai ya karɓi wayar ya dogara sanda ya fita rana. Ya dawo ya ce da saura, ta gyara, ya sake fita. A fita ta huɗu ta ɗaga kai ta dube shi. Gumi ya jiƙa masa bayan riga, shi kuwa ya dage yana motsa baki, yana haɗa baƙi. Tausayi da godiya suka cika mata zuciya, har ta rasa zagin da za ta jefa masa.

"Irin masara mai saurin nuna," ya karanta da ƙarfi. "Sifili, takwas, sifili... To, a kunna inji."

Ta ɗora sabon shafin, ta kira Oga Iyke, ta roƙe shi ya fito daga shago ya tsaya cikin rana ya buɗe. Ya yi gunaguni, ya ce yana da kwastoma, amma ya fita. Ta kasa kunne tana jin hayaniyar PZ ta cikin wayar.

"Bibi," in ji shi da Hausarsa ta kasuwa, "yanzu na gani. Ni ma fa da ba na gani, kunya na ji in faɗa, kar ki ce ni ɗan ƙauye. Tsaya in danna lamba." Can sai ta jiyo wayar shagon tana ƙara. "Shi ke nan. Kar ki taɓa shi kuma. Litinin ki zo ki ɗauki hoton sabon iri."

Ta ajiye wayar a hankali. Sai ta sauka daga benci ta durƙusa a gaban tsohon, gwiwa biyu a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba sai ranar Kirsimeti, shi ma da tsiya.

"Kaka, na gode. Ka rufa mani asiri. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana."

Baba Kefas ya daburce, ya waiga ko wani na kallo.

"Ke, tashi. Mene ne haka? Kowa a gidan nan lallaɓa ni yake kamar ƙwai, sannu Baba, a hankali Baba. Abokan da muke zagin juna da su duk na raka su makwanci. Ke kaɗai kika rage mai ce mani mummuna. In kin koma girmama ni, da wa zan yi?"

Ta goge ido da bakin ɗankwalinta ta miƙe, ta karkaɗe gwiwa.

"To, mummuna, na sallama, yau ka kayar da ni. Bari in je in sayo maka balangu."

"Da wane haƙorin zan ci?"

"Ai shi ya sa na zaɓe shi. Kai ka sha ƙamshi, ni in ci a gabanka."

Ya yi dariya har ya sarƙe, yana buga sanda a ƙasa.

"Yauwa, amarya ta dawo. Ki ce a sa yaji da yawa."