Ranar da A-kori-kura Ta Mintsine Ni

Ni ba na zargin mutum a banza. Ranar nan da rani muka dawo daga kasuwar Bici a gidan gaban a-kori-kura, ni da Malam Sule, uban matar ɗana. Ina sauka, gwiwar hannuna ta gogi ƙofa, sai na ji tsit, kamar mintsini.

Na juya na ce, "Malam, da furfurarka?"

Ya ce, "Hajiya, dubi hannuwana." Jarkar man gyaɗa ya rungume.

Direba ya ce ƙarfen ne ke ja. Na ce masa shekara uku na yi a makarantar yaƙi da jahilci, motar da aka kashe ba ta da wuta. Na wanke Malam Sule tas a gaban mutane.

Sai na koma ɗauko jakata. Ina saukowa, tsit, a wuri guda, alhali Malam yana can gindin darbejiya.

Ni na kai ban haƙuri har gidansa, da kaza. Har yau in a-kori-kura ta wuce, matan gidanmu marasa kunya sai su ce, "Inna, gyara hijabi, ga saurayinki nan."