Jikar da Aka Auna Sau Bakwai

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Auna Yaran Karkara, Allah ya ja zamaninka.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan fankar ofis ba ta yi maka yawa ba, ni ne Sada, mai unguwa a wata 'yar ruga-ruga kusa da Bauranya. Takardar yabon da ka aiko ta iso, wadda ta ce yaranmu sun fi na ko'ina ƙiba a ƙasar Kankia. Na gode, na rataye ta a zaure. Sai dai ina da 'yan koke-koke, in ranka ya daɗe zai jure.

Na ɗaya. Me ya sa kuka aiko mana da saƙo sati guda kafin zuwanku? Wa ke gaya wa Bakatsine baƙo na tafe, kuma ya sa ran iske gida yadda yake? Nan da nan na sa aka share unguwa, aka wanke yara, na kuma yi shela cewa duk mai ramammen ɗa ta wuce da shi bayan rumbu, kada a kunyata mu gaban mutanen birni. Wallahi a ranar ji nake ba a taɓa yin shugaba mai dabara irina ba.

Na biyu. Malamanku ba su duban fuska, allurar sikeli kawai suke kallo. Da masu ƙibar suka yi mana kaɗan, sai na ba da aron jikata Hassana, wadda kumatunta suka cika hannu. Sau bakwai aka rataye ta a sikelin da kuka ɗaure a reshen ɗorawa, da riga bakwai, da uwa bakwai, da suna bakwai. A na shida ma da kanta ta miƙa ƙafa cikin wandon sikelin. Cikin malamanku ba wanda ya lura. Haka ake bincike a jami'a?

Na uku, tambayoyinku. An tambaye ni ko yara na cin ƙwai, na ce kullum, alhali mu nan hana su muke kada su tashi ɓarayi. An tambaye ni yara nawa suka rasu bara. Haba, ranka ya daɗe, gaban jama'a? Na ce alhamdu lillahi, malaminku ya rubuta sifiri. Tara ne.

Na huɗu. Da kuɗin fetur suka zo aka tashi gina ɗakin shan magani, kun ce mu ba mu da bukata, kuka kai shi wani ƙauye can nesa. Mai unguwarsu ba shi da kunya ko kaɗan, ya jera maku ramammunsa a rana kamar shanya. Ni na fi kowa yi mishi dariya a kasuwar Kusada.

Na ji a rediyo kuna shawarar abin da ya fi dacewa a bincika bana, ko ruwan sha, ko sauro, ko abinci. Duk suna da kyau. Ni dai shawarata ku fara da kan mai unguwa.

Hassana 'yar tagwaye ce. Ɗan'uwanta Hussaini na cikin waɗanda na tura bayan rumbu, don haka ba shi cikin littafinku, ba shi da kati, ba a yi mishi allura ba. Yanzu baƙon dauro ya shigo unguwa, ya kwantar da shi kwana biyar, ko nono ba ya kamawa. Asibitin Kankia ya yi mana nisa, rafi kuma ya cika. Uwarsa Rahamatu, matar ɗana, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba saboda kunya. Jiya ta shigo zaure ba sallama, ta cire takardar yabonku daga bango. Da ita take yi mishi fifita. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe.

Ina roƙonka ka dawo da mutanenka, da allura, da sikelin, amma kada ka aiko da saƙo. Ni da hannuna zan fito da Hussaini. Sau ɗaya za ku auna shi, kuma ba zai ba igiyarku wahala ba. Don Allah ku yi sauri.

Naka mai biyayya, mai ladabin da ya wuce kima,

Sada Ɗanmaliki,
mai unguwar yara masu ƙiba, 1977.