Ranar da Na Ɗauki Ƙofar Malama Saratu a Kai

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ba, ko da na so, domin matata ba za ta bari ba.

Ina da ɗan gida a Kafanchan, gadon babana, da 'yan haya a ciki. Da ɗana Bulus ya samo yarinya daga Kajuru, sai na ce ciki da falon da ke bakin ƙofa shi ya dace da amarya. Matsalar ita ce akwai mutum a ciki: Malama Saratu, wata tica daga Manchok. Ba ta taɓa ɓata mini rai ba, gaskiya. Amma ɗa ɗa ne.

Na same ta tana wanki na ce ta nemi wani wuri. Ta ce, "Ba damuwa, Baba Lanlod, ka ba ni notis yadda doka ta ce, in samu lokacin nema." Na ce ai ga shi na faɗa mata da bakina, wane notis ya wuce wannan? (Ni dai a aji biyu na sakandare na tsaya, amma na san wanda ya gina gidan nan, kuma ba gwamnati ba ce.) Kullum sai ka ji an canja wani abu: yau ba a ƙara haya haka, gobe ba a korar mutum haka. Masu canjawar ko bulo ɗaya ba su taɓa ɗora mini ba.

Sai surukai suka aiko cewa za su zo ranar Asabar su ga inda 'yarsu za ta zauna. Na tuna dabarar babana. A zamaninsa ba a gardama da ɗan haya, ƙofarsa ake cirewa, sauro da kunya su ƙarasa aikin. Ranar Juma'a Malama na tafiya makaranta na kwance ƙofarta, na kai ɗakina na jingine. Maman Bulus ta dube ni, ta dubi ƙofar, ta ce, "Allah ya sawwaƙe," ta koma kan tukunyarta.

Malama ta dawo, ta rataya zani a wurin, ta gaishe ni, har da tambayar ciwon gwiwata. Na ɗauka ta karaya.

Da safe sai ga ta da wata lauya 'yar majami'arsu, da ɗan sanda a bayansu. Babu ihu. Lauyar har ta rusuna.

"Baba, ba a yin haka. Ko gidanka ne, kotu ce ke fitar da mutum."

"Yaushe kuma aka kawo wannan?"

"Ta daɗe, Baba. Kai ne ba ka ji ba. Ka mayar da ƙofa yanzu mu sha shayi, ko kuma mu je ofis a rubuta."

Na aika a kira kafinta, aka ce ya tafi biki Sabon Tasha. Bulus ya fita tarbo baƙi. Ɗan sandan ya ce shi ba aikinsa ba ne. Haka na cire riga, na rage daga ni sai singileti mai huji, na ɗora ƙofa a kai.

Ina tsakiyar gida, gumi na shiga mini ido, sai na ji "Salama! Salama!" Surukai ne, da kwandon doya, mata da ɗinki iri ɗaya. Uban yarinyar, dattijon ikilisiya ne mai farin gashi, ya leƙo ƙarƙashin ƙofar ya ce, "Sannu da aiki, kafinta. Ina maigidan?"

Bulus ya sunkuyar da kai. Malama ce ta taimaka. Ta ce, "Shi ke nan, Baba. Ƙofata yake dawo mini da ita."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Dattijon ya ajiye sandarsa ya riƙe mini ƙofar, ina ɗaure ƙusoshi, lauya na yi masa bayani dalla-dalla (ba wanda ya roƙe ta). Da muka gama ya buɗe, ya rufe, ya ce ta zauna daidai. Sannan ya ce mu yi addu'a, ya roƙi Ubangiji ya ba masu gidaje haƙuri. Na ce amin, me zan ce?

An yi auren. Amma dattijon ya ce ya fi son 'yarsa ta zauna inda ƙofa ke kwana a wurinta, don haka Bulus ya kama haya a wata unguwa. Malama kuwa tana nan, kullum tana tambayar gwiwata.

Abin da na koya shi ne gida naka ne har ranar da ka sa ɗan haya; daga nan ko ƙusa za ka taɓa, ka fara tambaya me aka hana. Ranar da Bulus zai tare na ja shi gefe na ce, "In mai gidanka ya kuskura ya taɓa maka ƙofa, kada ka yi faɗa. Zo wurina. Na san wata lauya."