Nomau da Fanka Marar Fiffike

A Rijiyar Marke, can ƙarshen gari inda hanya ke gangarawa fadama, akwai wani gida mai ɗaki biyu da rufin kwano. Mutum biyu ne kawai a ciki: Inna Gwamma, tsohuwar da ciwon ƙirji ya kwantar shekara uku, da autanta Nomau. Nomau ya ba arba'in baya, ga ƙarfi ga biyayya, sai dai Allah bai ba shi abin nan da ake auna magana da shi ba. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Mutanen gari suna shan dariya, amma uwar da ke kwance tana jiran ya miƙo mata ruwa, ita ba ta taɓa ganin abin dariya a ciki ba.

Yayarsa Kuluwa, da ke aure a Zariya, ita ta aiko wa Inna fanka haɗe da ɗan batirin sola. Fankar kuwa ba irin wadda aka saba gani ba ce. Ba ta da fiffike ko ɗaya, zobe ne kawai bisa gindi, kamar rariyar da aka cire wa raga, amma in aka kunna sai iska ta riƙa fitowa ta cikinsa. Da iskar nan Inna ke samun numfashi in rana ta take. To, ana tsakiyar bazara, lokacin da kwano ke gasa mutum da ransa, sai fanka ta koma gurnani kawai, ko iskar da za ta kashe ashana ba ta bayarwa. Tun daga ranar ƙirjin Inna ya fara kuka.

Wata rana Kuluwa ta bugo waya ta ce Nomau ya kai fankar wurin Malam Sanda mai gyaran rediyo, amma ta ja masa kunne kada ya kuskura ta bar hannunsa, don wasu masu gyaran sukan musanya kayan ciki. Nomau ya rungumi fanka ya nufi bakin kasuwa. Malam Sanda ya ce ya ajiye a gani.

"Yaya ta ce kada ta bar hannuna."

"To a ƙirjinka zan kwance ta?"

"Bismillah," in ji Nomau, ya ƙara ƙanƙame ta.

Tun hantsi har azahar Malam Sanda na zagaye shi da sukundireba, yana leƙe ta ƙarƙashin hammatarsa, gumi na tsiyaya. Gaskiyar magana, bai taɓa ganin irin fankar nan ba, kuma girman kai ba zai bar shi ya faɗa ba. Don ya rabu da shi, sai ya ce ai fiffikenta ne ya faɗi, ya je ya nemo tukuna.

Wata rana, bayan Nomau ya share gida kaf, ya tankaɗe rairayin tsakar gida bai ga fiffike ba, sai ya yi tunanin ƙila a hanya ya faɗi tun ranar da aka kawo ta. Inna ta rantse masa cewa haka fankar ta zo, ya ce ai Malam Sanda ya ce faɗuwa ya yi. Ya kama hanyar Zariya da ƙafa, kai a sunkuye, yana duba gefen titi. Sai da la'asar sakaliya wani direban garinsu ya hango shi ya cuso shi a mota. Ya dawo da ƙafa duk ta yi bororo, ya tarar da Inna ta rarrafo har bakin randa, moɗa a hannu, ta kasa ɗagawa. Ya karɓi moɗar ya ba ta ruwan.

Wata rana Kuluwa ta sake bugowa. Ta tambayi masu sayarwa, sun ce ƙananan hujojin da ke jikin gindin ne suka toshe, ta nan fankar ke zuƙar iska. Ta san ƙanenta, don haka ta nemo masa misalin da take ganin ba zai ɓata ba: ya goge hujojin a hankali, daidai yadda yake goge haƙoransa. Ai kuwa gara ma a ce ba ta kawo misalin ba. Nomau ya tauna asuwaki, ya dangwali gawayi da gishiri, ya dirje gindin fanka tas. Da ya gama, ya tuna ba a goge baki a ƙi kurkurewa, sai ya tuttula mata buta guda ta hujojin, ya girgiza sosai, ya kifar. Da aka kunna, ta yi tartsatsi sau ɗaya, wari ya tashi, gurnanin ma ya ɗauke. Ya kai wa Malam Sanda, wannan karon ya ajiye masa a tebur. Malam Sanda ya shinshina, ya ce inji ya ƙone ƙurmus, sai dai haƙuri.

Wata rana zafi ya kai inda ko kaji sun saki baki. Ɗaki ya zama tanda. Inna na kwance tana jan numfashi da kyar, leɓɓanta sun yi fari, Nomau na zaune a gabanta da matacciyar fanka a cinya, yana jiran wani ya gaya masa abin yi. Ta dube shi, ta dubi fankar, ranta ya gama karaya. Ta gaji da ciwo, ta gaji da jiran damina, ta gaji da ɗan da yake son ta iyakar so amma yake kashe ta da biyayya.

"Nomau," ta ce, murya na yankewa, "da ni da fankar nan duk mun ƙare. Kwashe mu ka zubar a fadama kowa ya huta."

Duk mai hankali ya san baƙin ciki ne ke magana. Nomau kuwa ya miƙe, ya goya uwarsa da zane, ya rataya zoben fanka a wuya, ya fita. Matan unguwa na salati suna kiransa, bai waiwayo ba. Inna na dukan bayansa da hannun da ba ƙarfi, yana jin kamar tana ce masa ya yi sauri. Ya gangara fadama, ya rasa inda ake zubar da uwa, don ba wanda ya taɓa nuna masa. Sai ya kwantar da ita a gindin wata tsamiya, kan ciyawa mai danshi, ya durƙusa a gabanta da fanka a hannu, hawaye na zuba, yana tunanin ko ita ma nan zai ajiye ta.

Can sai iskar fadama ta taso ta kan lambunan albasa, mai sanyi, mai ƙamshin ruwa, irin wadda ba ta taɓa shiga ɗakin kwanon nan ba. Ta ratsa ta cikin zoben da ke hannunsa, ta kaɗa bakin ɗankwalin Inna. Tsohuwa ta ja numfashi, ya tafi har ƙasa. Ta sake ja, ya sake tafiya. Rabonta da haka kwana goma sha ɗaya.

Nomau ya zaro ido, ya dubi zoben, ya dubi ɗankwalin da ke kaɗawa.

"Inna, ta gyaru."

Ta dube shi, ta lumshe ido.

"Ta gyaru, autana. Kada ka motsa."

Barci ya ɗauke ta. Cinnaku suka hau ƙafarsa suna cizo, hannuwansa suka yi tsami, inuwa ta juya rana ta dawo kan ƙeyarsa, amma Nomau bai motsa ba.