Ranar da Na Yi Gadin Injin Ƙanƙarar Mma

Ba zan taɓa mantawa da makon auren yayata Rabi ba, ko da na tsufa har haƙorana sun zube. A makon ne injin ƙanƙarar Mma ya ga dama ya kwanta ciwo.

Mma, mahaifiyarmu, ƙanƙara take sayarwa a shagon da ke jikin gidanmu a Asawase. Ta kuma riga ta bugi ƙirji a gaban dangin ango cewa duk sobolo, wato zoɓo, da lamurjin biki, ƙanƙararta ce za ta sanyaya su. Sai ga injin yana gurnani, jikinsa zafi kamar mai zazzaɓi, abin da yake fitarwa kuma kafin ka kai shi bakin titi ya koma ruwa.

Ni nan take na san da hannun wani a ciki. Hajiya Fati mai shagon gaba na fara zargi, domin ba ta daɗe da sayen sabon firiza ba, kuma kwanakin nan gaisuwarta ta yi yawa. (Wa ke tambayar "Yaya kasuwa?" har da murmushi in ba da wata manufa ba?)

Na ce, "Mma, ki bar mini shi. Na kalli yadda ake gyarawa a waya."

"Kai da ko fitila ba ka iya sa wa batir daidai ba?"

Tana shiga salla na ɗauko wuƙar kicin. Na kwance murfi, na hura iska, na ja wata waya da na ga kamar tana hararata, na rufe da duka da takalmi. Gurnani ya tsaya cak. Na fara murna, ashe injin ne ya mutu gaba ɗaya.

Dole aka kira Masta Kwaku, wani mai gyaran firiji daga Suame. Ni kuwa na sha jin labari a trotro, motar haya, cewa masu gyara sukan cire ƙarfe mai kyau su maƙala tsoho. Saboda haka kafin ya iso, na saci jan farcen amarya na ɗiɗɗiga wa duk abin da hannuna ya kai a cikin injin, don in gane idan an musanya. Na ba ƙanena Awudu waya na ce, "Ɗauki bidiyo. Ko ƙusa ya sa a aljihu, muna da shaida."

Gida cike da mata ana kwaɓa lalle, duk suka leƙo kallo. Na ja kujera na zauna a gefen mutumin, na harɗe hannu.

Ya buɗe murfi, ya ga jan ɗigo ko'ina. "Ei! Hajiya, injin ɗinki ma aure zai yi?"

Mata suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na ce a raina, wato da barkwanci yake ɗauke hankalin mutane.

Ya mayar da wayar da na cire, ya kunna, ya kasa kunne. "Fanka ba ta juyawa. Ku taya ni jawo shi daga bango."

"Me za ka ɗauka a baya?" na tambaya da ƙarfi, don kowa ya ji.

"Zo ka gani, ɗan sanda."

Ya zura hannu ya zaro safa, baƙa ƙirin da ƙura. Ya zaro wata. Ya zaro singileti. Gaskiyar magana, tun farkon damina kaya ba sa bushewa, ni kuma na gano bayan injin nan da ɗumi, sai in riƙa cilla wankina a can. In na nema na rasa, in ce sace mini aka yi.

"Safar da ka mare ni a kanta ke nan!" Awudu ya kwarma ihu, bai kuma sauke wayar ba.

Sannan Masta Kwaku ya warware abin da ya naɗe fankar, ya ɗaga shi sama da filaya: ɗan kamfaina ne, kore shar, da ƙatuwar huda a baya.

"Wannan na waye?"

Na ce, "Ƙila ɓera ne ya kawo."

Gwaggo Asibi, ƙanwar babanmu, ta gyara tabarau. "Ɓera? Ai ni na sayo maka shi da Salla!"

Mma ta juyo gare ni. Kallo ɗaya ta yi mini, na fara karanta duk addu'ar da na iya.

Injin ya tashi, ƙanƙara ta samu, dangin ango suka sha sobolo har haƙoransu na kaɗawa, Mma ta fita kunya. Ni ne ban fita ba, domin Awudu ya tura bidiyon ga dangi kaf, har da na Tamale. Ranar biki ina rarraba ƙanƙara, tsofaffi suna kirana suna tambaya ko yau na sa mai huda ne.

Yanzu idan abu ya lalace a gidanmu, ba na taɓa wuƙa, ba na kuma hararar maƙwabta. Ɗaki nake fara shiga a ɓoye in duba ko 'yan kamfaina sun cika.