Halittar da Ta Zaɓi Marinus

Duk gaɓar tekun Zeeland babu mai ido irin na Marinus Wisse. Shi ya faɗa, kuma ya sha faɗa. Mu 'yan ƙungiyar nutso muna kiransa Ido Uku, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Kowannenmu yana da madubin ƙara girma da ya haɗa a gida don kallon ƙananan halittun teku: gilashi biyu a guntun bututu, a liƙe da gam, iska a kulle a tsakani, don in babu iskar ba ya aikin komai a ruwa. Na Marinus fentin zinariya gare shi, da sunansa a jiki. A teburin kicin ya haɗa shi, yana cin ɗanyen kifi da albasa, yana yi wa matarsa Jobina lacca.

Nutsonsa na farko da madubin ya fito yana haki.

"Jama'a, na ga halittar da ɗan Adam bai taɓa gani ba! Fara fat, kamar ƙanƙara, ko motsi ba ta yi saboda natsuwa."

Muka bi duwatsun ƙarƙashin ruwan kaf, ba mu ga komai ba. Shi kuwa ko ina ya duba tana nan.

"Bi na take yi," in ji shi. "Ta san mutum."

Ya raɗa mata suna Marinusiya, ya fito neman kujerar shugaban ƙungiya. "Wanda teku ta zaɓa, ku su wa za ku ƙi?" Mun kusa ba shi. Ni kaina hassada ta ci ni.

Ranar zaɓe ana cin abinci, yana tsakiyar jawabi, ƙaya ta soki Jobina. Ta ɗauki madubin ta duba yatsanta.

"Marinus, ga 'yar taka nan a yatsana."

Madubi ya zaga teburi. Tana kan burodi, tana kan cuku, tana kan hancin Marinus.

"Kun gani? Har tudu ta biyo ni!"

Jobina ta sa wuƙa ta ɓalle gilashin, ta zaro ɗan farin abin da ya maƙale a ciki, ta shinshina.

"Albasa ce, maigida. Na ce maka ka wanke hannu."

Kujera ta tafi wurin wani. Sunan dai ya shiga duniya kamar yadda ya so: yanzu a rumfar kifi ta bakin ruwa, mai sayarwa kan tambaye ka, "Da Marinusiya ko babu?"