Juma'ar da Motata ta Riƙe Surukina

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na kai surukina ɗaurin aure Taba ba. Ko yanzu da nake wannan rubutu, sai da na ajiye biro sau biyu na rufe fuskata da tafin hannu.

Ni malamin makaranta ne a Makarfi, lissafi nake koyarwa. Matata Saude 'yar Dandamisa ce. Mahaifinta, wanda duk muke kira Baba Malam, dattijo ne manomin rake, ba ya son yawan magana. Shekara bakwai da aurenmu, abin da ke tsakanina da shi bai wuce gaisuwa ba. In cire takalmi tun daga zaure, in tsuguna nesa, ya ce, "Lafiya lau, Malam, ya yara?" shi ke nan. Ba wai ƙina yake yi ba. Halin hannuna ne ya sani. A shekarar farko na ji rediyonsa yana shaƙewa, na ce bari in duba, kuma tun daga ranar rediyon bai ƙara cewa uffan ba. A shekara ta uku na kwance masa injin ban-ruwa na fadama, da na gama haɗawa sai ga ƙusoshi uku sun rage a hannuna ban san gidansu ba. Bai ce mini komai ba, amma ko sau ɗaya bai taɓa shiga motata ba. Ko asibiti za shi, ya gwammace ya hau bayan babur. Abin yana ci mini rai ƙwarai, don ba abin da nake so kamar dattijon nan ya ɗauke ni mutumin da za a iya danƙa wa abu.

Wata Lahadi Saude ta dawo daga gida tana murmushi tun daga ƙofa.

"Baban Nana, albishirinka."

"Goro."

"Baba ya ce kai za ka kai shi Taba ranar Juma'a. Shi ne waliyyin 'yar ƙaninsa marigayi. Wata uku ina roƙon Inna tana lallaɓa shi, ina ce musu ka canza. Don girman Allah, mota kawai za ka wanke. Wanki kawai."

Na ce mata to. (Da na tsaya a kan wannan "to" ɗin, da yau ba ni da labarin da zan ba ku.)

Da na buɗe motar don in share, sai na dube ta da idon surukai. Robar gabanta ta koɗe, ta jikin ƙofofi duk ta yi zane-zane, wurin ɗora hannu ya tsattsage. Dama na daɗe ina kallon wani bidiyo a waya, na wani mutum mai tsabtatattun hannaye da yake rufe robobin cikin mota da abin da ake kira kabon faiba. Wani baƙin ƙyalle ne mai saƙa irin ta tabarma, a shimfiɗa shi a kan robar, a shafe da ruwan gam, in ya bushe sai ya yi tauri yana ƙyalli. Cikin minti takwas mutumin ya gama. Na ce a raina ai wannan ba gyara ba ne, kwalliya ce, kuma Saude ba ta hana kwalliya ba. Na yi waya Kano, ranar Litinin da yamma wani direba ya miƙo mini ƙunshi a tasha: ƙyallen, burushi, sanfefa, da kwalabe biyu. Babbar ita ce gam ɗin, ƙaramar kuma maganin da ke sa shi ya daskare.

Talata ina tashi daga makaranta na shimfiɗa buhu a tsakar gida na hau aiki. Na ɓamɓaro robobin da sukudireba (biyu sun karye, ban gaya wa kowa ba), na goge su da sanfefa har yatsuna suka yi fari. Ƙyallen kuwa ashe mugu ne. Da ka sa masa almakashi sai bakinsa ya fara warwarewa, zare ya bi hannunka, ya shiga riga yana ƙaiƙayi. Almakashin ɗinkin Saude na ɗauka, shi ma bai ƙara yanka atamfa ba.

Sai batun haɗa gam. Mutumin bidiyo ya ce kashi biyu na babbar kwalba, kashi ɗaya na ƙaramar, kuma a auna da sikeli. Ni ba ni da sikeli, sai na auna da ido a cikin gwangwanin madara. Da farko hannuna ya yi nauyi wajen ƙaramar kwalbar, don haka robar gaban mota da ƙofar direba suka samu rabonsu har da ƙari. Ina zuwa kan ƙofar gaba ta fasinja, wato daidai inda Baba zai zauna, sai na ga gam ya kusa ƙarewa, maganin daskarewar kuma sai da na kifa kwalbar na jijjiga kafin 'yan ɗigo su faɗo.

A nan ne shaiɗan ya tuno mini da mai fentin da ya yi mana azuzuwa bara. Duk lokacin da fenti ya yi masa ƙasa, sai ya tsiyaya kananzir ya juya, abu ya yi auki ya kai shi ƙarshen bango. Kowa a garinmu ya san wannan dabara. Na shiga kicin na ɗauko galan ɗin risho, na tsiyaya, na juya, na ƙara tsiyayawa. Gam ya saki jiki, ya bi burushi lafiya lau, har ya yi saura. Ni da nake tsayawa gaban allo ina yi wa 'ya'yan mutane faɗa a kan biyu bisa ɗaya, na zauna ina yaba wa kaina basira.

Bidiyon ya ce a bar shi kwanaki, a goge, a ƙara shafawa. Ni Juma'a ke jirana. Ranar Alhamis bayan sallar asuba, da sauran sanyin safiya, na taɓa da yatsa na ji ya bushe. Na mayar da komai mazauninsa. Wallahi abin ya yi kyau, baƙi sidik, yana ɗaukar ido. Warin kananzir kawai ya dame ni, sai na sa kaskon turaren wuta a ciki na rufe. Saude ta leƙo, ta daɗe tana kallo.

"Ni dai wanki na ce."

"Ki bari ki ga fuskar Baba," na ce mata.

Ranar Juma'a na isa Dandamisa wajen sha ɗaya. Lokacin bazara ne, rana kamar a goshi. Na ajiye motar a fili, ba ko inuwa, na ɗage gilasai duka don kada wani abu ya faɗa kan aikina. Muka je masallaci, muka dawo, aka ci tuwo. Awa uku motar tana dahuwa a rufe.

Sai ga Baba ya fito cikin rigar tsamiya. Duk wanda ya san gidan ya san wannan riga. Ta mahaifinsa ce, saƙar hannu, aikin wuyanta ma na hannu ne, kuma ba ta fitowa daga akwati sai da Salla ko ranar ba da aure. Ƙaninsa Baffa Sule, wanda shi bakinsa ba ya hutawa, ya shige baya.

"Kai, Malam, wannan mota ce ko jirgi? Amma wane irin turare ne haka, kamar an yi ɓarin fitila?"

Na yi dariyar yaƙe. Baba ya yi bisimilla ya zauna, ya tattara rigarsa ta gefen ƙofa, ya jingina, ya ɗora hannu. Ya dubi gaban motar a hankali.

"Ma sha Allah. An gyara."

Shekara bakwai ina jiran kalma irin wannan. Sai da idona ya kawo ruwa, na yi kamar gumi nake sharewa.

Ba mu yi nisa ba na hango wani abu ta gefen ido. Ɗigo ne baƙi, mai kauri, yana gangarowa a hankali daga saman ƙofar Baba. Na saci kallo, na ga rigar ta kwanta a jikin ƙofar tun daga kafaɗa har ƙugu, ta kwanta irin kwanciyar da ba ta da niyyar tashi.

To, ku gaya mini, ta yaya mutum zai dubi surukinsa ya ce, "Baba, ɗaga hannunka"? Ni da ko ido ba na haɗawa da shi? Na shirya maganar a raina, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne:

"Baba, ya rake bana?"

"Alhamdu lillahi."

Na ga ya ɗan motsa kafaɗa sau ɗaya, kamar mai gwada wani abu, sai ya tsaya cak yana kallon hanya. Ya ji. Ya sani, na sani, amma shi ma ba zai buɗe baki ya kunyata mijin 'yarsa ba. Haka muka tafi, kowane rami muka faɗa sai ya ƙara manna shi da ƙofar, Baffa Sule yana baya yana ba mu labarin farashin taki. Na yi ta addu'a taya ta fashe, ko mai ya ƙare, ko hanyar ta ƙi ƙarewa. Tsohuwar motar da kullum sai an tura, ranar ko tari ba ta yi ba.

Muka isa Taba ƙofar gida cike. An shimfiɗa tabarmi, liman ya zauna, dangin ango sun jeru, maroƙi ya hango mu ya fara ɗaga murya, "Ga waliyyi ya iso! Ga babban bango..." Ni kuwa tsoro ya riga ya cinye mini hankali, sai ladabi ya karɓi tuƙi. Na fito da gudu, na zagaya, na rusuna, na kama ƙofar Baba na ja da ƙarfi.

Ƙofa ta taho, Baba ya biyo ta.

Rabin jikinsa ya fito waje a karkace, ƙafafunsa na ciki, hularsa ta faɗi ta gangara har gaban tabarmar dangin ango. Na ji ƙarar yagewar zare, ƙyat. Maroƙi ya haɗiye sauran kirarinsa. Wurin ya yi tsit, har kukan akuya a bayan gida ana ji.

"Rufe! Rufe, ka mayar mana da shi!" in ji Baffa Sule.

Na tura ƙofar, Baba ya koma ciki. (Wannan shi ne abin da har yau yake hana ni cin abinci in na tuna. Na fito da surukina, na kuma mayar da shi, a gaban jama'a.)

Aka sauke gilashi, Baffa Sule ya zura hannu yana ƙoƙarin ɓamɓare rigar. Duk inda ya ja sai gam ya biyo da igiyoyi kamar mazarƙwailar da ba ta huce ba, tsohon zaren kuma yana ƙara buɗewa. Mutane suka taso suka kewaye mu, kowa da shawararsa. Wani ya ce ruwan zafi, wani ya ce man gyaɗa. Wani dattijo ya ce a kawo kananzir, shi ke cire irin wannan. Ni ina tsugune a gefen taya, ban iya cewa akwai shi a ciki ba.

Baba ne ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Sule, nemo reza."

"Yaya, rigar Babanmu ce fa."

"Mutane na jira."

Ban ɗaga kai ba, amma na ji tafiyar rezar tun daga sama har ƙasa. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na wannan lokaci ba. Baba ya fito, wani ya miƙo masa hularsa ya karkaɗe ya sa, ya tattare yankakken gefen ya danne a hammata, ya je ya zauna ya ba da aure kamar ba abin da ya faru. Ban ji sanarwar sadaki ba, ban san lokacin da aka shafa fatiha ba. Ina bayan mota. Wani bawan Allah ya miƙo mini dabino da goro, ya dafa kafaɗata ya ce, "Sai haƙuri," kamar gidan makoki.

Da aka watse Baffa Sule ya zo ya ce, "Yaya ya ce ka wuce kawai, zai biyo 'yan kai amarya." Na koma Makarfi ni kaɗai, da ƙyallen tsamiya mai faɗin faifai manne a ƙofa yana kallona.

Labari ya riga ni isa gida. Na shirya wa faɗa, amma Saude ba ta yi ba. Tana zaune bakin gado idonta jawur.

"Na rantse musu ka canza," ta ce.

Sai da na kwana uku kafin ƙafata ta iya ɗaukata zuwa Dandamisa. Na tsuguna a inda na saba, na fara jero ban-haƙuri. Baba ya ɗaga hannu.

"Ba komai, Malam. Dama ta tsufa. Allah ya yi albarka."

Da ya zage ni, da na samu sauƙi. Na yunƙura zan tashi, sai ya ƙara da cewa:

"Ƙyallen da ya rage a jikin ƙofar, in ya ciru a kawo mini, in haɗa da sauran. Amma ka kai wa masu aikin su cire."

Na kai motar Zariya wurin masu aikin. Suka duba, suka kira junansu suka ƙara dubawa, suka ce in aka ja, zare-zare zai fito. Ƙarshe sai yanko robar suka yi gaba ɗaya, ƙyallen na jikinta. Haka na naɗe ta a jarida na kai masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana shafa saƙar da babban yatsa, sannan ya shiga ɗaki da ita. Bai fito ba har na tafi.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma ya zo a makare. Da na daure na faɗi kalma uku a kan hanya, da kunyar ta tsaya a cikin mota, mu uku kawai, wataƙila ma da rigar ta tsira da tabo. Na yi shiru don ladabi, sai da Taba gaba ɗaya ta gani. Yanzu ko ƙwan lantarki ne ya mutu a gidana, mai gyara nake kira, ni kuma in koma gefe in zauna a kan hannuwana har ya gama.